Fitilar garke daban, fitilar dandali daban

A shirinmu na daren Talata, bayan mun gama da farashin dabbobi na kasuwannin Sinja da Damazin, na karanta saƙon wani malamin firamare daga wani ƙauye da ke gefen Mai Wurno, kudu da Sennar. Da yawanku kun bugo kuna cewa iska ta ɗauke murya a tsakiyar bayani, wasu kuma sun ce lissafin batir ya yi musu sauri. To ga shi a rubuce, har da abin da lokaci bai bari na faɗa ba.

Malamin ya ce makarantarsu ta daɗe a rufe saboda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, har ajujuwa suka zama masaukin mutanen da suka gudo daga Wad Madani. Yanzu an koma karatu, kuma yara suna so su yi wasan kwaikwayo da dare a filin makaranta. Labarin hijirar kakanninsu za su nuna: yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, da yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka sauka a bakin Nil Azrak. Iyaye sun yi karo-karo don sayen fitilu. A cikinsu akwai makiyayin da ya sayar da akuya ya kawo kuɗin. Wani ɗan kasuwa ya turo wa malamin hoton fitilun LED masu juyawa, ja, kore, shuɗi, irin na wajen biki, ya ce da su ake yayi. Tambayar malam ita ce: ya saya, ko ya dakata?

Na ce masa ya dakata. Dalilina kuwa ɗaya ne, duk sauran bayanin reshensa ne. Tsohuwar da za ta zauna a tabarmar baya fuskar jikanta ta zo gani. In ta gane shi, ta ga lokacin da ya ɗaure fuska da lokacin da ya yi murmushi, fitila ta yi aikinta. In kuwa abin da ta gani wata inuwa ce cikin rawani tana canza launi kamar hawainiya, an yi asarar akuya.

Ku makiyaya kun san fitila fiye da yadda kuke zato. Wadda kuke ratayawa a garke, mai sola, fara fat take, tana watsa haske ko'ina, tana ƙara ƙarfi in wani abu ya gifta. Haka ake so a ruga, don ka ga kura ko ɓarawo tun daga nesa. Amma kowace daga cikin waɗannan halaye uku aibi ce a dandali. Farin nan mai shuɗi-shuɗi yana mayar da baƙar fata toka-toka. Watsa haske ko'ina yana nufin rabinsa ya tafi sama da bayan katanga. Ƙara ƙarfi in an motsa kuwa, ku yi tunanin yaro ya tsaya cik yana jawabin Sarkin Musulmi, fitila ta ga ba motsi ta dushe, sai ya ɗaga hannu ta farka. Dariya za a yi a inda ya kamata a yi tsit.

Mu fara da launin hasken, don nan aka fi yin kuskure. A jikin kwali za ku ga lamba da harafin K a ƙarshenta. Wadda ta cika shagunanmu 6500K ce, fara fat kamar tsakar rana. Wadda dandali yake so tana tsakanin 2700K da 3200K, mai launin hasken la'asar sakaliya, kusa da irin hasken fitilar ƙwai da muka taso da ita. A ƙarƙashin wannan haske fatarmu tana fitowa da ruwanta, farar jallabiya ba ta kashe ido, jan tob ɗin mata yana zama ja sosai. In kwalin ya ɓace ko ba ku yarda da shi ba, ku dubi ƙwayoyin fitilar tana kashe. Kusan kowace farar LED asalinta shuɗiya ce, an shafa mata wani sinadari rawaya wanda ke mayar da hasken fari. Mai 6500K za ku ga shafin nata rawaya ne mai haske kamar lemon tsami, mai 3000K kuwa ya fi karkata ga ruwan goro. Ita wannan shuɗiyar ƙwaya wasu masana uku 'yan asalin Japan ne suka gano yadda ake yinta, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, har aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Tocilar da ke aljihunku daga aikinsu ta fito.

Akwai wata lamba kuma da ake rubutawa CRI ko Ra, daga ƙasa zuwa 100. Tana nuna yadda fitila ke fito da launin abu na gaskiya. Ku nemi 80 zuwa sama, in an sami 90 madalla. Amma ni na fi yarda da gwajin ido. Ku je shago da dare, ko ku sa a rufe ƙofa, ku kunna fitila, ku miƙa bayan hannunku a gabanta, ku riƙe tumatir ko ɗan busasshen karkade a ɗaya hannun. In hannu ya yi kamar na mara lafiya, tumatir ya koma ruwan ƙasa, ku ajiye ta ku nemi wata.

Launin la'asar yana da wani amfani da mutanen birni ba za su kawo a ransu ba. Mu da ke zaune kusa da kogi da magudanan ruwan Jazira mun san abin da ƙwari ke yi wa fitila da damina da kaka. Ƙwari sun fi bin haske fari mai shuɗi-shuɗi. Mai ruwan goro ba ta jan su sosai. Yaron da ya buɗe baki zai yi magana ƙwaro ya faɗa masa, wasansa ya ƙare. Dabarar da za ku ƙara ita ce ku rataya farar fitilar garken nan can bakin ƙofar makaranta, nesa da dandali, ta haska wa masu shigowa hanya, ƙwari kuma su tafi can su yi taronsu.

Sai maganar ƙarfi. Mun saba tambayar wat nawa ce. Wat yana gaya maka abin da fitila take ci ne. Abin da take bayarwa ana auna shi da lumen, ana rubuta shi lm. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da lumen wajen 800. Ƙwan LED mai wat 9 ko 10 yana ba da daidai hakan. Fitilar fili ta LED mai kyau tana ba da lumen kusan 100 a kan kowane wat, wato mai wat 30 ta gaskiya tana kai wa wajen lumen 3000. Na ce ta gaskiya, don rubutun kwali ba rantsuwa ba ne. Za ku ga fitilar sola an rubuta mata wat 300 da manyan haruffa, ka ɗauke ta ka ji ba ta kai nauyin ƙwaryar nono ba. Ku juya ta ku karanta batirin da ke cikinta. A ce an rubuta 3.2V da 15Ah. Ku ninka su, ya ba ku 48. Wannan shi ne duk abincin da ke cikin cikinta, wat 48 na awa ɗaya. In mai shago ya ce tana kwana a kunne, awa 10, to a kowace awa ba ta ci fiye da wat 5 ba. Ina 300 ɗin ta shiga? Haka su ma fitilun launi masu ƙwayoyi da yawa, sau da yawa abin da suke ja bai kai abin da aka buga a jikinsu ba. Nauyi yana faɗin gaskiya fiye da rubutu. Fitilar da ke da ƙarfi da gaske tana da bayan ƙarfe mai haƙarƙari don fitar da zafi. In bayanta roba ce fayau, ƙaramar fitila ce cikin babbar riga.

Zafi shi ne ajalin LED. Gabanta ba ya ƙona hannu kamar tsoffin fitilun halojin, shi ya sa mutane ke cewa ba ta zafi, amma bayanta yana ɗauka, kuma a nan ne ɗan akwatin da ke daidaita mata wuta yake, wanda masu gyara ke kira direba. Yawanci shi ke fara mutuwa. A ƙasar da ma'aunin zafi ke wuce 40 a watan Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Fitilun launi irin na hoton da aka turo wa malam suna da 'yar fanka a ciki. An yi su ne don zaure mai rufi da tsabta. Habub ɗaya ta taso, ƙura ta cika fankar, ta tsaya, fitila ta dafa kanta. Ku nemi alamar IP65. Lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 5 tana nufin feshin ruwa ba ya yi mata komai. Wadda aka rubuta wa IP20 ta ɗaki ce. Ku duba kuma inda aka rubuta ƙarfin wutar da take karɓa. Wadda ke cewa 85 zuwa 265V ta fi jure wutar janareto mai hawa da sauka.

Yanzu ga lissafin da kuka ce na yi sauri. Abin takaici ne a ce muna zaune tsakanin dam biyu, na Sennar da aka gama a 1925 da na Rusairis da aka gama a 1966, amma wanda zai shirya taro da dare dole ya fara tambayar wa ke da batir. To haka abin yake. A ce makaranta ta aro batirin sola mai 12V da 100Ah. In an ninka, 1200 ke nan. Amma batirin ruwa ko na jel ba a shanye shi ƙarƙaf, rabi ake ɗiba in ana so ya yi rai, saura 600. Inbata kuma tana cin ladanta, mu ce saura 500. Fitila huɗu masu wat 30 sun ci 120. Ƙananan fitilu biyu na launi ko na baya, mu ba su 60. Lasifika da na'urarta, mu ba su 70. Jimla 250. Ka raba 500 da 250, ka sami awa 2. Wasan yara da jawabin shugaban makaranta, in dai bai cika surutu ba, za su shiga cikin awa biyu. Da fitilun halojin biyu masu wat 500 aka ɗora wa wannan batir, rabin awa zai yi ya kwanta, tun Attahiru bai bar Sakkwato ba. In batirin lithiyom kuka samu, shi ana iya ɗibar kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye, sai lokaci ya ƙaru. Abu ɗaya nake roƙo: a ranar wasa kada a bari kowa ya jona cajin waya a wannan batir. Na san mutanenmu. Kafin magariba za a ga wayoyi ashirin a jere, kowa yana cewa tasa ɗan kaɗan za ta sha.

Akwai fitilun da ke aiki kai tsaye da 12V ba tare da inbata ba, kuma sun fi aminci a inda yara ke guje-guje. Sai dai suna son waya mai kauri kuma gajera. In ka ja musu siririyar waya mita ashirin, wuta tana zubewa a hanya, fitilar ƙarshe ta dushe. Wanda zai bi wannan hanya ya ajiye batir dab da dandali. Wanda kuma janareto gare shi ya kai shi can bayan ajujuwa, don ƙararsa tana cinye muryar yara.

Abin da ya fi sayen fitila muhimmanci, kuma ba ya cin ko sisi, shi ne inda aka kafa ta. Na taɓa zuwa wani taron makaranta, ba zan faɗi wacce ba, an kawo fitila babba mai tsada aka ɗaure ta a jikin bangon da ke bayan yara, tana kallon jama'a. Mu 'yan kallo muka kwana muna kare ido da hannu, yaran kuma baƙaƙe ƙirin kamar itatuwa da asuba. Kuskure na biyu shi ne a ajiye fitila a ƙasa a gaban yara tana haskowa sama. Wannan yana mayar da fuska ta aljani, ya kuma jefa ƙatuwar inuwa a bango. Na uku shi ne a rataye ta daidai saman kai. Sai ramin ido ya yi duhu, rawani ko ɗankwali ya rufe fuska da inuwa.

Abin da ke aiki shi ne fitila ta zo daga gaba, daga sama, daga gefe biyu. Wani malamin jami'ar Yale a Amurka, Stanley McCandless, ya rubuta wannan tsari a littafi tun 1932, har yau da shi ake koyar da masu haska dandali. A sauƙaƙe: ku kafa dogon gora ɗaya a hannun dama na gaban dandali, ɗaya a hannun hagu. Tsayin fitila sama da fuskar yaro ya yi daidai da nisan gindin goran daga inda yaron zai tsaya. In gora ya kai mita 4, fitila tana sama da fuskar ɗan firamare da kusan mita biyu da rabi, to gindinsa ya kasance mita biyu da rabi zuwa uku daga tsakiyar dandali. Kowane gora ya ɗauki fitila biyu, ɗaya ta kalli ɓangaren da ke kusa, ɗaya ta tsallaka ɗaya ɓangaren. Kada ku ce bari mu matsar da su baya don kada su tare wa jama'a gani. Haske yana raguwa da sauri: in ka ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa fuskar. Sannan ƙarama guda ɗaya a baya, can sama, tana kallon ƙasa kan kafaɗun yara, ba idon jama'a ba. Ita ke raba farin rawani da duhun dare.

Fitilar fili tana buɗe baki da yawa, yawancinsu digiri 120. In ɗan kasuwa zai iya samo masu digiri 40 zuwa 60, sun fi dacewa, don suna tara hasken wuri ɗaya. In babu, ku yanka gwangwanin mai ku yi mata marfi a gefe da sama kamar bakin malafa, ku lanƙwasa har haske ya tsaya a kan dandali. Bayanta dai kada a rufe shi da komai.

To launi fa, an hana ke nan? A'a. Daren da jama'a suka yi zango a daji yana son shuɗi, wurin yaƙin Burmi yana son ja. Amma launi yaji ne, ba a cika tukunya da shi. In kuɗi ya rage bayan an sayi fararen huɗu, a ƙara biyu masu launi a haska bango da su. Ku zaɓi wadda aka rubuta wa RGBW ko RGBA, wato mai ƙwayar fari ko ta ruwan goro a ciki. Mai RGB kaɗai tana haɗa ja da kore da shuɗi ta ce ta yi fari, amma farin nata a kan fatarmu wani shunayya-shunayya yake fitowa. Ku tabbata kuma tana iya tsayawa a launi ɗaya, don wasu da an kunna su sai rawa, suna bin sautin ganga. Za ku ga ramuka a bayanta an rubuta DMX. Na haɗa ta da na'urar sarrafa fitilu ne, kuma wannan na'ura da wayoyinta kuɗi ne daban da ƙaramar makaranta ba ta buƙata. In kuɗi bai rage ba, ledar nan mai sheƙi ta naɗe kyauta, shuɗiya ko ja, a ɗaura ta a gaban farar LED da ɗan tazara, ta wadatar. Rage haske kuma kada a gwada shi da makunnin fanka, yana lalata direba. A kafa makunni uku a jikin katako ɗaya, na dama, na hagu, na baya, a ba wani yaro mai natsuwa. Shi ma ya shiga wasa ke nan.

Ku 'yan kasuwa masu shigo da kaya ta Matamma da Gallabat zuwa Gadarif, da masu saro su daga Bur Sudan, wannan ɓangaren naku ne. Makarantu suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, masallatai da zaurukan khalwa ma suna neman haske, amma in mutum ya zagaya shago goma zai tarar duk 6500K ce. Wanda ya fara kawo kwali biyu na 3000K mai IP65 zai ga masu nema. Ku sa a kunna muku kowace ɗaya kafin a ɗaure kaya, ku bar ta a kunne minti goma sha biyar ku taɓa bayanta. Ku ɗora kyamarar waya a kanta: in kun ga layuka suna gudu a fuskar waya, direbanta na arha ne, kuma bidiyon da iyaye za su tura wa 'yan uwa a Jidda ko Kano zai fito yana ƙyafta ido. Na san kuɗinmu yana narkewa, farashin safe ba ya kai yamma, kowa yana so kaya su fita da wuri. Amma in malamin makaranta ya zo muku da kuɗin karo-karo, ku gaya masa wat ɗin gaskiya. 'Ya'yanku ma a cikin ajin suke.

Batun tsaro a gajarce. Kowace fitila a ɗaure ta sau biyu, da ƙusa ko sukurun jikinta, sannan da waya daban, don in ɗaya ta saki ɗaya ta riƙe. A binne gindin gora sosai a kuma ɗaure shi da igiya. Wayar wuta ta bi ta sama ko a haƙa mata 'yar hanya a rufe, kada ta bi ta ƙarƙashin tabarmi. Duk inda aka haɗa waya da waya a naɗe shi da salatif na lantarki a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da rumfar kara. Da an tashi daga wasa a sauke fitilun a sa su a akwati, kada a bar su rana da ƙura da masu dogon hannu.

Malam ya sake turo saƙo bayan shirin yana tambaya yaya zai san ya isa. Na ce masa kwana biyu kafin ranar, bayan isha'i, ya kafa komai kamar yadda zai kasance, ya sa yara su shiga kayan wasansu har da rawani, ya roƙi wani dattijo daga cikin iyaye ya zauna a inda tabarmar ƙarshe za ta kasance. Yara su fito ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun yi magana ba, dattijo yana kiran sunan kowa. Wanda ya kasa ganewa, a duba inda yaron ya tsaya, a karkata fitila ko a matso da gora. A bar fitilun a kunne har awa biyu cif a wannan daren, a ga ko batir zai kai. Ya ce zai gwada a daren Alhamis ya faɗa mana yadda ta kasance, kuma in saƙonsa ya iso kafin Talata za ku ji shi bayan farashin dabbobi.